Gamji: Siffantawa Ce ko Abuntarwa?

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata damuwa ce ta kawo ni. Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Tudun Wada. Makon jiya na yi wa 'yan aji biyar gwaji a kan adon harshe. Tambaya ta farko na ce su kawo ma'anar kamantawa da siffantawa da mutuntarwa, kusan kowa ya ci, har waƙafin da ke cikin littafi sai da suka sa. A tambaya ta biyu na rubuta musu karin maganar nan, "Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya," na ce su nuna mini adon harshen da ke ciki. Waɗanda suka gane an ba rana halin mutum ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Yaran nan fa a gidajensu suke jin wannan magana duk lokacin da biki ya matso.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Wata yarinya ta rubuta cewa kiran Sardauna da Gamji abuntarwa ce, ni kuma takardar amsoshin da muka tsara da abokan aikina siffantawa ta ce. Na soke mata, na dawo gida na kasa barci, don zuciyata tana gaya mini yarinyar ba ta yi kuskure ba. Masana, ku warware mini.

Ɗalibar Hausa:
Wa alaikumus salam Malama. Ki mayar mata da makinta don Allah. Amsarku daidai, tata ma daidai. Siffantawa ita ce a ce wannan shi ne wancan kai tsaye, ba tare da an sa kamar ko tamkar ko awa ba. To an ce Sardauna Gamji ne, ashe an siffanta. Sai a sake tambaya, da me aka siffanta shi? Da itace, ba mutum ba, ba dabba ba. Ta wannan fuskar abuntarwa ce. Da zaki aka kira shi ko toron giwa, sai mu ce dabbantarwa. Su ukun nan, mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa, a ƙarƙashin jinsintarwa muke karanta su, wato a ciro abu daga jinsinsa a kai shi wani jinsi.

Malama Mai Alli:
Na gode ƙanwata. Amma kin ga inda gizo ke saƙa? In amsa biyu duk daidai ne, ta yaya zan gaya wa yaro ɗan shekara 16 wadda zai rubuta ranar jarrabawar fita?

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika kasa barci saboda hakkin yarinya. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, a zaure na yi karatuna a Zariya, yanzu ina Unguwar Sanusi. Abin da zan ce, wannan ruɗani ya samo asali ne daga barin ma'aunin da malamanmu suka gada. Ilimin balaga, wato ilimin fasahar magana na Larabci, ya riga ya rarrabe waɗannan abubuwa tun fiye da shekara dubu. Ibnul Mu'utazzi ya rubuta littafinsa na Badi'i a shekara ta 274 bayan Hijira, Abdulƙahir Jurjani ya zo ya zurfafa bincike a ƙarni na biyar. A wurinsu tashbihi, wato kamantawa, rukunai huɗu gare shi: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar da ta haɗa su, sannan fuskar kamar. In ka ce wane kamar gamji yake wajen ba da inuwa, ka kawo huɗun duka. Kana iya zubar da kalmar haɗi da fuskar kama ka ce wane gamji ne, har yanzu tashbihi ne, sai dai ya ƙara ƙarfi. Amma ranar da ka zubar da sunan mutumin ɗungurungum ka ce gamji ya faɗi, alhali mutum kake nufi, to ka shiga isti'ara, wato aro. Kun ga mataki-mataki ne, babu inda ɗalibi zai ruɗe. Me ya sa aka bar wannan aka ƙirƙiro sababbin sunaye?

Ɗalibar Hausa:
Allah ya gafarta Malam, ba barinsa aka yi ba. Malaman da suka tsara mana kalmomin nan da yawansu sun yi karatun zaure, sun san balaga. Abin da suka duba shi ne yaron da zai karanta Hausa da Hausa. In na ce wa ƙanena mutuntarwa, ko ban fassara ba ya ji mutum a ciki. In na ce kambamawa, ya san kambama abu. In na ce masa mubalaga fa, sai na sake yin wani darasin. Littafin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wanda aka buga sabon tsarinsa a 2007, shi muka fi dogara da shi a rubutacciyar waƙa, kuma ko sunan littafin ka duba, daga mahauta aka aro shi: a kwantar da waƙa a feɗe ta a ga abin da ke cikinta. Akwai kuma ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, don a samu bakin malamai ya zo ɗaya.

Kuma akwai abin da tsarinmu ya fito da shi fili. Kamantawa kashi uku muke yi mata. Ta daidaito, fuskarta kamar wata. Ta fifiko, irin "rashin sani ya fi dare duhu." Ta kasawa, a ce hasken wata bai kai na fuskarta ba. Bahaushe yana son kamancen fifiko ƙwarai, ka saurari karin magana ka ji sau nawa "ya fi" ke fitowa.

Malamin Zaure:
'Yata, na karɓi wannan na fifiko da kasawa, magana ce mai kyau. Amma ki amsa mini ɗaya. Kinaya fa? Na ga yarana na gida suna kiran kowace siffantawa kinaya, suna cewa haka aka koya musu. Wannan bai yi mini daɗi ba, domin kalmar tamu ce, kuma tana da iyaka. Kinaya ita ce ka ambaci abin da ke bin wata siffa, ka bar mai sauraro ya isa ga siffar da kansa, kuma zahirin maganar ma yana iya zama gaskiya. Balarabe yana cewa wane mai yawan toka ne. Toka daga yawan girki, yawan girki daga yawan baƙi, yawan baƙi daga karamci. In ka je gidan ma za ka iya tarar da tokar. Mu ma muna cewa tukunyar gidan wane ba ta sauka. Amma in an ce wane zaki ne, ai ba za ka je ka tarar da shi da wutsiya ba. Wannan ne bambancin, kuma babba ne.

Ɗalibar Hausa:
Gaskiya ne Malam, a nan kam bakin littattafai bai zo ɗaya ba. Ni kaina na karanta inda aka yi amfani da kinaya a gurbin siffantawa, na kuma karanta inda aka ba ta ma'anar sakaya zance. Bayaninka na toka ya fi zauna mini.

Baba na Kawo:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake bin zancenku, jikata ce ke karanta mini ina faɗa tana rubutawa, don idanu sun yi rauni. Malama, damuwarki ta farko nake so mu koma, don ita ce uwa. An bar ta an tafi gardamar suna.

Yaran da suka kasa ganin mutuntarwa a cikin "rana ba ta ƙarya" ba daƙiƙai ba ne. An koya musu ne cewa adon harshe wani abu ne da ke zaune a littafi, sai an sa riga an je makaranta ake gamuwa da shi. Alhali tun da asuba suke iyo a cikinsa. Yaro zai ce yunwa ta kama ni, barci ya sace ni, sanyi ya shigo gari. Yunwa hannu gare ta? Zai je Kasuwar Barci ya dawo ya ce yau babu masaka tsinke, ya kambama bai sani ba. Uwarsa za ta ce maƙwabciyarmu ta yi nauyi, ko wane ya riga mu gidan gaskiya, ta sakaya saboda kunya da ladabi. Za a ce wane dogon hannu gare shi, ba wanda zai ɗauko awo. Garinmu ma da kirari muke kiransa, Kaduna garin gwamna, mu ce Kano ta Dabo tumbin giwa, mu ce Katsina ɗakin kara. Tumbin giwa fa! Gari guda an mai da shi cikin dabba don a nuna ba abin da ba ya ɗauka.

Ni a ganina kunne ne gaba, suna a baya. Haihuwa ake fara yi kafin a raɗa suna. Ki sa su kawo miki maganar da suka ji a gida ko a bayan Keke Napep, ku zauna ku tambayi maganar me ta yi, me ya sa mai ita bai faɗe ta a miƙe ba. In sun gane aikin, sunan ba zai yi musu wuya ba.

Malama Mai Alli:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Sai dai manhaja tana da yawa, zangon karatu gajere, ga yara cike da aji. Abin da ya sa muke gudu zuwa hadda ke nan. Amma zan gwada ranar Litinin.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Ni marubuciya ce, a waya nake sakin labaraina, ban yi nazarin Hausa a makaranta ba. Wata mai karatu ta tambaye ni jigon littafina, na ba ta labarin tun daga farko har ƙarshe, sai ta ce ba shi ta tambaya ba. Kunya ta kama ni. Mene ne jigo in ba labarin ba?

Baba na Kawo:
'Yata, kin taɓa zuwa lambu a bakin kogi? Kafin injin ban-ruwa ya yawaita, da jigo ake ɗebo ruwa. Itace ne ake kafawa, a gicciya masa wani dogo, guga a kai ɗaya, nauyi a ɗaya kan. Duk kai-komon gugan a kansa yake. Ki cire shi, aiki ya tsaya. To haka jigon labari, shi ne abin da duk kai-komon mutanenki ya rataya a kansa.

Ɗalibar Hausa:
Baba ya gama magana. Anti, abin da kika ba ta shi ne zubi, wato yadda al'amura suka biyo juna, wannan ya jawo wancan. Jigo kuwa saƙon ne, ana iya faɗinsa a kalma biyu ko uku: illar auren dole, haƙuri, cin amana. In kika bi labarin kina nuna wuraren da saƙon ya fito, kin yi warwarar jigo. Sauran saƙonnin da suka raɓu da shi su ne ƙananan jigogi. Mutanen da ke cikin labarin taurari, wanda labarin ya fi zagayawa a kansa babban tauraro. Salo kuma shi ne hanyar da kika bi kika isar da saƙon, zaɓen kalmominki, tsawon jimlolinki, inda kika ɓoye da inda kika bayyana. Misali a Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya sa aku yana ba da labarai a cikin babban labari, wannan dabarar ita ake kira labari cikin labari.

Wani abin sha'awa, a waƙar baka ba jigo muke cewa ba, turke muke cewa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ne ya tsara haka a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, wanda aka fara bugawa a nan Kaduna a 1993. A can baiti ya zama ɗa, amshin da ake komawa gare shi ya zama gindin waƙa, ƙananan saƙonni su zama tubalan ginin turke. Makaɗa da kansu suna cewa ɗiyan waƙa, daga bakinsu aka ɗauko.

Baba na Kawo:
Turke ya dace da waƙar baka ƙwarai. Dabbar da ke ɗaure tana zagayawa ta yi nisa gwargwadon igiyarta, amma dole ta dawo. Haka makaɗin fada yake, zai tafi yabo, ya ratsa ta zambo, ya yi roƙo, ya gode wa wanda ya ba shi doki, sannan 'yan amshi su jawo shi gida.

Maman Ilham:
Allah ya saka. Yanzu na gane, jigon nawa riƙon maraya ne. To tunda Baba ya ambaci zambo, ni kullum ina haɗa shi da habaici. Ba abu ɗaya ba ne?

Malama Mai Alli:
Wannan kam ina da amsarsa, don a gidan yawa na tashi. Zambo a fili yake. Makaɗi zai ɗauki abokin hamayyar ubangidansa, sau da yawa ɗan sarkin da ke neman sarautar, ya zayyana ƙirarsa ko rowarsa ko tsoronsa yadda duk wanda ke wurin zai san da wa ake, a yi ta dariya. Muzantawa ce manufarsa. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa. Ba a kama suna, ba a zana kama, ana faɗin hali ne a bar mai shi ya tsargu. Shi ya sa ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ka tanka, kai ka kai kanka. Mata a tsakar gida sun fi kowa iya shi, a waƙar daka, a sunan da za a sa wa akuya, har a sunan atamfa. Kuma habaici yana iya zama gyara, uwa tana yi wa 'yarta a gaban baƙi ba tare da ta kunyata ta ba. Zambo bai san gyara ba.

Malamin Zaure:
Habaicin nan shi ne muke kira ta'aridi, kuma malamai sun sa shi kusa da kinaya. Kun ga dai komai yana da gurbinsa a can.

Ɗalibar Hausa:
Yana da shi Malam, amma habaici ma kalma ce da kakanninmu suka sani ba su je zaure ba ba su je boko ba. Ita da zambo da kirari da take da gugar zana ba wanda ya ƙirƙiro su a ofis. Wannan ya nuna Bahaushe yana nazarin maganarsa tun kafin a rubuta masa.

Ɗan Rigasa:
Salam iyayena da yayyena. Ni waƙa nake ɗan taɓawa. Na fara wata a kan ambaliyar da ke damun unguwannin bakin kogi, amma in na rera ɗango, wato layi, na biyu sai in ji harshena ya yi tuntuɓe, ban san dalili ba:

Damina ta zo da saƙo,
Kogi ya buɗe bakinsa.

Ƙirga gaɓoɓi na yi, takwas takwas ne. To ina matsalar?

Malamin Zaure:
Ɗana, madalla da wannan tambaya. Ba yawan gaɓoɓi kaɗai ake dubawa ba, nauyinsu ake aunawa. Gaɓa iri biyu ce. Mai sauƙi, baƙi da gajeren wasali. Mai nauyi, baƙi da dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe ta. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa gashin kai da gashin nama suke fitowa iri ɗaya a takarda, alhali na kai ana jan "ga" ɗinsa. A ajami da ka gani da idonka, domin ana sa alif ko wawun ko ya a nuna ja.

Wanda ya fara tsara wannan awo shi ne Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, a ƙarni na biyu bayan Hijira. Ya fitar da karuruwa, wato ma'aunan waƙa, guda 15, daga baya Ahfashu ya ƙara na 16. Malaman jihadi da waɗanda suka biyo su a kan waɗannan suka gina waƙoƙinsu na Hausa da Fulatanci. Ka furta mutane, gidaje, ƙasashe: sauƙi, nauyi, nauyi. Wannan jeri shi ne ƙafar karin da ake kira Mutaƙarib. Ka furta gaskiya, hankali, duniya, lahira: nauyi, sauƙi, nauyi. Ka hau Mutadarak.

Yanzu ɗangonka na farko. Da-mi-na-ta, nauyi, sauƙi, nauyi, nauyi. Zo-da-sa-ƙo, haka nan. Ka hau Ramal ba ka sani ba, kunnenka ne ya kai ka. Na biyun kuwa ka fara da ko-gi-ya-bu, masu nauyi huɗu a jere, gurbin mai sauƙin nan ya toshe. Nan ne tuntuɓen. Gwada wannan: Ga ruwa ya buɗe baki.

Ɗan Rigasa:
Allahu Akbar! Malam ya zauna daram. Na rera sau biyar. Har na ƙara baiti:

Mai gida ya bar gadonsa,
Don ruwa ya kai ga ɗaki.

Ɗalibar Hausa:
Ma sha Allah. Kuma ka lura, waƙarka ƙwar biyu ce, ɗango biyu a kowane baiti, ka rufe na farko da baki, na biyu da ɗaki. To ka ɗaure kanka, "ki" ya zama babban amsa-amonka, kowane baiti da shi zai ƙare. Ka tanadi aiki da doki da makoki. Da baitocin masu ɗango huɗu ne ko biyar, sai ɗangogin farko su yi nasu ƙaramin amsa-amon da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na ƙarshe ya riƙe babban. Baitinka na biyu kuma maganar ba ta cika a ɗangon farko ba sai da ta gangaro na biyu, wannan gangara ke nan. In ta tsallaka har baiti na gaba, saɓi-zarce.

Malamin Zaure:
Tunda an zo ƙwar biyar, a san bambancinta da tahamisi. Tahamisi shi ne ka ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu, ka ɗora ɗango uku naka a kan kowane baiti, su zama biyar, ba ka ɓata karinsa ba ba ka ɓata ma'anarsa ba. Girmamawa ce ga mai waƙar. Misalin da aka fi sani, waƙar Shehu Usmanu ta Tabbat Haƙiƙa: da Fulatanci ya yi ta, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi.

Malama Mai Alli:
Ɗan Rigasa, ka ba ni izini in kai baitocinka aji. Domin ga irin matsalar Gamji ta sake dawowa a cikinsu. Damina ta zo da saƙo, mutuntarwa ce ba gardama, ɗan aike mutum ne. Amma ruwa ya buɗe baki fa? Mutum yana da baki, kada ma yana da shi.

Ɗan Rigasa:
Na ba ki Malama, alfahari ne gare ni. Ni dai lokacin da nake rubutawa kada nake gani a raina, don an ce sunan garin ma daga kadduna ya samo asali.

Baba na Kawo:
To kun ji. Mai waƙa kada ya gani, wani mai sauraro zai ga mutum mayunwaci. In yaro ya rubuta ɗaya daga ciki ya kawo hujjarsa daga cikin baitin, a ba shi makinsa. Wanda za a hana shi ne wanda ya jefo suna ba hujja.

Malamin Zaure:
A nan ina da ja, Yaya. In aka buɗe wannan ƙofa da yawa, kowa zai faɗi son ransa ya ce hujja ce. Ilimi sai da iyaka. Ni na fi son a ce wa yaro: wannan aro ne, an aro baki daga mai rai an ba ruwa. Ya tsaya nan ya tsira. In ya so ya ƙara cewa mai ran nan dabba ce ko mutum, ƙari ne.

Baba na Kawo:
Malam, ai ba mu yi nisa da juna ba. Abin da ka kira aro daga mai rai shi Ɗalibar Hausa ta kira jinsintarwa. Inda muka rabu, kai kana tsoron ɓarna in an sake wa yara, ni kuma ina tsoron bebantaka in an ƙuntata musu. Na ga yaran da suka san sunan kowace dabara amma ba za su iya yi wa kakarsu kirari ɗaya ba, abin yana sosa mini rai.

Maman Ilham:
Kafin a tashi, baubawan burmi fa? Na ji ana faɗa.

Ɗalibar Hausa:
Maganar da a zahiri take karo da kanta, amma in kin nutsu sai ki ga gaskiya ce. Kamar a ce shiru ma magana ce. Karangiya kuma wasa ne da sautuka masu kama da juna har su sarƙe harshe, irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto.

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Yau Litinin na fara da kiran yarinyar nan a gaban aji na mayar mata da makinta, na gaya musu dalili. Sannan ban buɗe littafi ba. Tun ranar Juma'a na aika musu cewa kowa ya zo da magana ɗaya da ya ji a gida ko a hanya. Allo bai ishe mu ba. Wani ya kawo "bango madafar bayi" daga bakin wani maroƙi a wurin ɗaurin aure, suka yi ta gardama har suka cimma cewa an siffanta kuma an abuntar. Wata ta kawo "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu," ajin ya ce habaici ne tun ban tambaya ba. Baitin Ɗan Rigasa ya raba su biyu, 'yan kada da 'yan mutum, na bar kowa da hujjarsa, amma na bi shawarar Malam na ce duk wanda ya ji shakka ranar jarrabawa ya fara rubuta jinsintarwa sannan ya yi bayani.

Guda ɗaya ce ta tsayar da ni. Wani yaro marar yawan magana ya ce kakarsa, duk lokacin da aka tambaye ta jiki, sai ta ce, "Rana ta kai kan katanga." Ya ce shi ya san tsufa take nufi da kusantowar ajali, amma bai san sunan da zai ba maganar ba. Aka buga ƙararrawa ban ba shi amsa ba. Alamtarwa ce, ko kinaya?

Ɗalibar Hausa:
Ni alamtarwa nake gani Malama. Faɗuwar rana ta daɗe tana tsaya wa ƙarshen rayuwa a wurin Bahaushe, kamar yadda Gizo ke tsaya wa wayo a tatsuniya, kura ta tsaya wa kwaɗayi.

Malamin Zaure:
Ba kinaya ba ce, domin ana iya tambayarta da hantsi ta ba da wannan amsar, ka ga zahirin bai tabbata ba. Ta ɗauki hali guda cur, na yini da ya zo ƙarshe, ta aza a kan nata halin. Mu isti'ara tamsiliyya muke ce masa, kuma yawancin karin magana a nan suke zaune idan aka buga su a kan wani al'amari. Malama, ki gaishe mana da yaron, ki ce ya gaishe da kakarsa, Allah ya ba ta lafiya. In da hali ya riƙa rubuta irin maganganunta a wani littafi daban, ki turo mana su nan mu duba tare.

Malama Mai Alli:
Zan gaya masa gobe in sha Allah. Ina da su darasi na biyu.